Hannun Bambo Matewere

Shafi na 31

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba? ina ci gaba?", ga shi nan. Amma duk wanda yake jiran shafin da zan yi nasara, gara ya nemi wani labarin ya karanta.

*

Ƙarfe tara aka ce mu zo ofishin haraji. Na isa takwas da rabi, sanye da kwat ɗin da na saka ranar da muka binne Bambo Matewere wata biyu da suka wuce. Ba don juyayi ba. Ita kaɗai gare ni.

Shekara goma sha huɗu ni da marigayin muna da maɗaba'a a Limbe. Katin aure, takardar jana'iza, littafin rasit. Rabi nasa, rabi nawa. Haka muka yi baki da baki a gaban farantin nsima, tuwon masararmu, da kifi, muka tafa, muka wanke hannu. Ba takarda, ba shaida. Mu da muke buga wa duk garin takarda.

Tun da aka rufe kabari ƙaninsa Fackson ya sauko daga ƙauye da jaka ɗaya da magana ɗaya: maɗaba'a ta wansa ce shi kaɗai, ni kuwa ma'aikaci ne da ya daɗe har ya manta matsayinsa. Ya riga ya samo mai sayen injin. Ranar Litinin mota za ta zo daga Lilongwe.

Lauyana ya ce abu ɗaya ne zai tsayar da motar nan: takardun harajin haɗin gwiwa da muke kaiwa duk shekara, masu ɗauke da sunana da na marigayi. "Ka karɓo kwafi mai hatimi, shi ke nan," in ji shi. Na rubuta na nema. Aka ce in zo, kuma iyalan mamaci ma su zo.

Na tarar da su a benci. Fackson da takalman marigayi a ƙafarsa, sun yi masa girma, ya cusa jarida a ciki. Kusa da shi Mayi Matewere, matar marigayin, da baƙin ɗankwali, ta rungume jakarta a cinya. Mu a nan Mayi muke ce wa babbar mace, Bambo kuma babban namiji.

"A'a, Farfesa!" in ji Fackson. "Ka zo da wuri. Haka ake son ma'aikaci."

"Barka da asuba, Mayi," na ce wa matar.

"Barka, Dyson." Ba ta ɗago ba.

Aka kira mu ciki.

Jami'ar da ke riƙe da maganarmu, Mayi Nyasulu, ta shigo da fayil biyu a hammata. Ɗaya sabo. Ɗayan ya sha ƙura har ya koma kalar shayi. Ta ajiye tsohon a gefe, ta ɗora masa kofinta.

"Malam, ina kwana."

Har yau Malam take ce min. Shekara ashirin da suka wuce ta zauna a ajina a Zomba, lokacin ina koyar da tarihi ga yaran da suka fi son lissafi. Ga shi kuwa sun fi ni gaskiya.

"Lafiya lau, Mayi. Ya aiki?"

"Aiki ga shi a gabanmu."

Ta buɗe sabon fayil, ta jera takardu tara a kan tebur, korayen takardun haɗin gwiwa, kowace da shekararta.

"Waɗannan ka nema?"

"Su ne. Da sauran biyar na farko."

"Za mu zo kansu." Ta gyara tabarau. "Malam, kafin in buga wa takarda hatimi, sai na tabbatar takarda ce. Ka san ƙa'ida. Takardar haɗin gwiwa, ɗaya daga cikin abokan tarayya ne zai sa hannu. Da sunansa, da hannunsa. Ba akawu ba, ba ɗan aike ba, ba matar gida ba. In ba haka ba, a wurinmu kamar ba a taɓa kawo ta ba."

"Na sani."

"Madalla. To wa ya sa hannu a nan?"

Ta ɗora yatsa a ƙasan ta farko.

Kyakkyawan sa hannu ne, ko maƙiyi zai yarda. Ƙaton M mai ƙafa uku, sannan haruffa su gangara a nutse, wutsiya ta zagayo ta ƙasa kamar ƙugiya. Shekara tara ina alfahari da wutsiyar nan a cikin raina.

"Sunan Bambo Matewere ne," na ce.

"Na iya karatu, Malam. Ban tambaye ka sunan wa ba ne. Hannun wa?"

Fackson ya yi dariya ta hanci. "Nuna masa, Mayi. Nuna wa ɗan jami'a."

Ta zaro wasiƙar asibiti, da wata takardar banki mai ɗauke da tabon yatsa shuɗi.

"Shekara tara da wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga ranar, a banki yatsa yake dangwalawa, shi ma na hagu. Cokali ma sai an riƙe masa. Amma duk watan Yuni sai hannun ya warke na minti ɗaya, ya yi mana wannan adon, ya koma ya kwanta."

"Ikon Allah," in ji Fackson. "Ya kamata a kai labarin nan coci, a yi godiya."

Na dubi bango. Akwai kalanda mai hoton tafki. Ko ita ba mu muka buga ba.

"Malam?"

"Hannuna ne."

"Duka tara?"

"Duka tara."

Fackson ya buga cinya. "Kun ji! Ya faɗa da bakinsa! Rubuta, Mayi, rubuta kafin ya canza!"

"Bambo Fackson, nan ba kasuwa ba ce. Zauna."

Ya zauna, amma ƙafarsa ba ta daina rawa a cikin takalmin ba.

Bari in gaya muku yadda aka fara, tunda ita ma na gaya mata.

Yunin farko bayan ciwon, na kai masa takardar har gida, da kwalbar tawada ta dangwale. Yana zaune a baranda da bargo a gwiwa. Ya dubi tawadar kamar na kawo masa kashi a faranti.

"Dyson," ya ce da bakinsa da ya karkace, "ni na buga wa coci uku littafin waƙa. Ni dattijon coci ne. A banki manaja yana rufe ƙofa kafin in dangwala. Yanzu so kake in dangwala yatsa kamar kakata a fayil ɗin gwamnati, inda kowane yaro zai buɗe ya gani?"

"To ya za mu yi, Bambo?"

"Ba ka da hannu?"

Kwana uku ina koyo a bayan katunan aure da suka lalace. Shi yana dubawa, yana gyara min kamar ɗan aji ɗaya.

"Wutsiyar ta yi gajarta. Ja ta. Ni ba matsiyaci ba ne."

Ranar da ta yi masa, har shayi ya sa aka dafa min, da madara.

Mayi Nyasulu ta saurara har na gama. Ba ta rubuta komai ba. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Malam, tambaya ɗaya. Me ya hana ka sa naka sunan?"

Na gyara kwat ɗina.

"Dubi layin," ta ce, ta juyo min da takardar. "Abokin tarayya aka rubuta. Ba a ce babba ba. Ba a ce mai furfura ba. Kowane ɗaya daga cikinku ya isa."

"Mayi, ke ma 'yar ƙasar nan ce. Mutum yana raye, yana zaune a barandarsa, ya girme ni da shekara goma sha takwas, sai in ɗauki takardar wurin da sunansa ke kan allo in sa nawa a ƙasa? Me za a ce? Cewa za a yi na gaje shi da ransa."

"Wa zai ce? Wa yake karanta fayil ɗin haraji? Ni da ake biyana don in karanta, sai da aka kawo ƙara na buɗe."

"Shi zai ce."

Ta mayar da tabarau.

"Da sunanka Chikopa ka rubuta," ta ce a hankali, "ko da rubutun kaza ne, da yanzu na buga maka hatimi ka tafi ka ci abincin rana. Shekara tara kana da damar rubuta sunanka kyauta. Ka zaɓi ka yi ladabi."

"An koya mana."

"Mu ma an koya mana. Ka tuna ranar da na sa hannun babana a katin sakamako? Ka sa na share filin makaranta mako guda. Ka tara mu ka yi jawabin minti arba'in a kan gaskiya."

"Naki bai yi kama ba," na ce. "Shi ya sa."

Ta kusa yin dariya. Ta haɗiye ta, ta tattara takardun tara, ta haɗa gefensu a kan tebur, ta kife su.

"Waɗannan ba takardu ba ne. Ba zan iya sa musu hatimi ba. Lauyanka in ya kai su kotu, kansa zai ja wa magana."

"Alamu, kina ji ko?" Fackson ya taɓa matar wansa da gwiwar hannu; Alamu ake ce wa matar wa a nan. "Mutumin da kike aika wa abinci a kwano mai murfi."

Ta ƙara rungume jakarta.

Na gyara zama. Ban firgita sosai ba tukuna, domin ina ganin akwai saura a hannuna. Mutum mai digiri yakan daɗe kafin ya gane an gama da shi.

"To, a zubar da taran," na ce. "Na yarda. A kawo biyar na farko. Lokacin lafiyarsa ƙalau. Shi da kansa yake cikawa. Ya shige ofis ya kulle ƙofa, ya sa tabarau, ko shayi ba a kai masa. Waɗannan ba wanda zai ce hannuna ne."

"Ka taɓa ganinsu?"

"Ban taɓa ba. Ba a leƙa wa babba takarda. Kuma shekarar da na karɓi aikin, na zo nan aka ce tsohon fayil ya ɓace, in rubuta wasiƙa a buɗe sabo."

"Ka rubuta."

"Na rubuta."

"Ka ce wurin na mutum biyu ne, rabi da rabi."

"Gaskiyar ke nan."

"Wa ya sa hannu a wasiƙar?"

Ta san amsar: sunan marigayi, hannuna. Ba ta jira ta ji ba. Ta ɗauke kofinta daga kan tsohon fayil.

"An same shi. Bambo Fackson ya kawo kwafin da ke akwatin marigayi. Da lambar da ke jiki muka tono namu a ɗakin ajiya."

"Ni ban je jami'a ba," in ji Fackson, "amma na iya buɗe akwati."

Ta kwance igiyar. Tun kafin ta juyo min da su na ga matsalar. Takardun farare ne. Ba kore ko ɗaya.

Na buga takardu shekara goma sha huɗu. Na san abin da launi yake nufi.

"Wannan ta mutum ɗaya ce," na ce.

"Ta mutum ɗaya ce."

"Kuskure ne. Wataƙila korayen sun ƙare a shekarar."

"Shekara biyar a jere?"

Ta buɗe shafi na uku, inda ake jera ma'aikata. Rubutunsa ne. Na san shi kamar yadda na san fuskar mahaifina. Suna uku.

Mai gadi.

Mai yankan takarda.

D. Chikopa, mai duba kuskure.

Na karanta. Na sake karantawa, ko zan samu harafin da ya karkace. Babu. Mutumin bai yi kuskure ko ɗaya ba da zan duba.

Ta buɗe shekara ta biyu. Mai duba kuskure. Ta uku. Ta huɗu. A ta biyar an canza mai gadi, ni ina nan daram.

Ambulan da yake miƙo min duk ƙarshen wata da hannu biyu yana cewa "rabonka, abokina", a wannan shafin sunanta albashi.

Na duba ƙasan takardar. Ga sa hannunsa na gaske, da hannunsa mai lafiya. Wutsiyar gajera ce. Ko rabin wadda ya koya min ba ta kai ba.

"Mai duba kuskure!" Fackson ya riƙe ciki. "Kai, Allah ya jiƙan yaya. Ashe ma ba manaja ba! Farfesa, ashe mai gadi yana samanka a layi!"

"Kuɗin sallamata daga koyarwa ne ya sayi rabin injin nan," na ce.

"Akwai rasit?" in ji Mayi Nyasulu.

"Akwai."

"Da sunan wa?"

"Shi ne babba."

Ta ajiye biro.

"Malam, bari in nuna maka abin da idon da bai san ka ba zai gani. Ga mutum yana da wurinsa shi kaɗai, shekara biyar, da hannunsa ya faɗa. Ga ma'aikacinsa. Ciwo ya kwantar da maigida. Bayan wata huɗu fayil ya canza launi, ma'aikaci ya zama mai rabi, kuma duk takardar da ta faɗi haka, ma'aikacin ne ya sa mata hannun maigida. Kai da ka koyar da tarihi, in ɗalibi ya kawo maka waɗannan hujjoji, me za ka ce ya faru?"

"Zan ba shi maki mai kyau."

"To ka gani."

A waje wani yana tallar dafaffiyar masara.

Mayi Nyasulu ta juya ga matar marigayi, ta sassauta murya.

"Mayi, ki yi haƙuri, na san kina cikin takaba. Amma ke ce kike gidan. Mijinki ne ya sa shi ya riƙa sa masa hannu?"

Fackson ya yi gyaran murya. "Alamu ba ta san komai a kan harkar maza ba."

"Ita na tambaya."

"Ina tuna mata ne kawai. Alamu, kin san maganar da dangi suka yi a kan gidan Bangwe. An ce ki zauna abinki, ba mai taɓa ki. Dangi sun yi kirki. Kada a ɓata wa dangi rai."

Ashe farashin ke nan. Wata biyu ina mamakin yadda aka kwashe kujeru, aka kwashe firji, aka kwashe har kajin gidan, amma aka bar ta a ciki.

Mayi Matewere ta ɗago kai. Karon farko ke nan da ta dube ni tun safe.

"Shi ya sa shi," ta ce. "A gabana. Ni na dafa shayin."

"Alamu!"

"Ni na dafa, Fackson. Duk shekara Dyson zai zo da takardar, ya zauna a ƙasa kusa da kujera, ya sa hannu, mijina ya duba ya ce ta yi. Bai saci hannun kowa ba. Ba shi aka yi."

Har na fara neman kalmar godiya, irin wadda za ta dace da baƙin ɗankwali.

Mayi Nyasulu ba ta bari na samo ta ba.

"Na gode, Mayi. Saura ɗaya. Da yake dubawa, takardar yake karantawa?"

"A'a. Wutsiyar yake dubawa."

"Ya san ta haɗin gwiwa ce? Ya san an rubuta rabi da rabi?"

Matar ta gyara jakarta a cinya.

"Idonsa na dama ya mutu tare da hannun. Bai so a sani ba."

"Mayi," na ce, "amma ai kin san yadda muka yi da shi. Kin san kuɗina. Ranar da aka sauke injin kina tsaye, kin yi guɗa."

"Na san ka kawo kuɗi."

"To?"

"Ya ce ka taimaka masa. Ya ce Allah zai saka maka."

"Bai taɓa ce miki ni abokin tarayyarsa ba ne? Ko sau ɗaya? A shekara goma sha huɗu?"

"Dyson, yana sonka. Ranar da zai cika, kai ya tambaya, bai tambayi wannan ba." Ta nuna Fackson da leɓe. "Amma ban taɓa ji ya ce yana da abokin tarayya ba. Cewa yake yana da Dyson."

Na gyaɗa kai. Ban san me nake amincewa da shi ba. Na dai saba ne.

Yana da injin Jamus. Yana da gida a Bangwe. Yana da Dyson.

Fackson ya miƙo tafin hannu ta saman tebur. "Makullan, Farfesa. Kada mu ɓata wa gwamnati lokaci."

"Janye hannunka daga teburina," in ji Mayi Nyasulu. Ta jawo aljihun tebur, ta fito da takarda biyu, ta ajiye su a gabana, ɗaya dama ɗaya hagu.

"Malam, abin da zan iya yi maka ke nan, kuma ban yi wa kowa rabinsa ba. Ta hagu bayani ne. Ka ce kai ma'aikaci ne, maigida ya umarce ka ka sa masa hannu, ka bi umarni cikin rashin sani. Matarsa ta shaida a gabana. In rufe maganarka a nan, takardu tara su zama matsalar magada, ka tafi gida."

"In tafi gida da me?"

"Da ƙafafunka."

"Ta dama fa?"

"Ta dama ka ce kai abokin tarayya ne, ka tsaya a kai. Sai in ba ka sababbin takardu tara ka sa naka sunan. Amma daga nan magana ta bar hannuna. Fayil biyun nan za su hau sama wurin masu bincike, daga can kotu. In alƙali ya yarda da kai, motar Lilongwe ta koma ba kaya. In bai yarda ba, ba injin kaɗai za ka rasa ba. Ka san inda ake kai masu sa hannun wani."

"Na sani. Mun taɓa buga musu katin ziyara."

"Ba wasa nake ba, Malam."

"Ni ma na daina tun ɗazu."

Na jawo ta hagu na karanta. An tsara ta da kyau. A ƙasa akwai layi, an buga sunana a gefensa da manyan haruffa: DYSON CHIKOPA. Ba kuskure ko ɗaya.

Shekara goma sha huɗu, wannan ce takarda ta farko a harkar maɗaba'ar nan da aka nemi sunana a ƙasanta. Ita ce kuma take cewa ban taɓa mallakar ko ƙusa ɗaya a wurin ba.

"Sa hannu, mutumina," in ji Fackson, yanzu da murya mai laushi. "Ni ba mugu ba ne. Zan yi wa mai sayen injin magana. Wataƙila yana neman mai duba kuskure."

Ina ganin da bai faɗi haka ba, da na sa.

Na ture ta hagu. Na jawo ta dama.

"Malam," in ji Mayi Nyasulu, "ka duba da kyau. Wannan ce ta kotu."

"Na iya karatu."

"Ba ka da takarda ko ɗaya."

"Ina da shaida. Ta faɗa a gabanki yanzu cewa ba sata na yi ba, kuma ta san na kawo kuɗi. Ko wannan ya isa alƙali ya tsaya ya saurara."

Na cire murfin biro. Na ɗora bakinsa a kan layi.

"Dyson."

Mayi Matewere ce. Ta miƙe tsaye, ta rataya jakarta. Ba ta kallon Fackson, ba ta kallon jami'a. Ni take kallo, kuma idonta a bushe yake.

"Na faɗa a nan ne don kada a ɗaure ka. Iyakar abin da nake da shi ke nan, na ba ka."

"Na gode, Mayi. A kotu ma abin da za ki..."

"A kotu ban dafa shayi ba. Ban ga kuɗi ba. Ban ga komai ba."

"Mayi..."

"Shekarata sittin da huɗu, Dyson. In suka karɓe gidan Bangwe, ina zan kwana? A maɗaba'arka?"

Ta juya ga Mayi Nyasulu.

"Abin da na faɗa ɗazu, kin rubuta?"

Mayi Nyasulu ta dubi takardar da ke gabanta. Ni ma na duba.

Fara ce fat.